Rubutun Malama a Gefen Shafi

Wata huɗu bayan rasuwar Malama, Auta ta zo ta ɗauke mahaifinta ya koma gidanta. Ɗakin da ta ware masa ƙarami ne, gado da kujera ɗaya sun cika shi, don haka kwali uku na littattafan mahaifiyarta ba su sami wuri ba. Ta kai su shagon tsofaffin littattafai da ke bayan tasha. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana tuƙin motar haya, karatunsa bai wuce allon hanya da takardun mota ba. Tsakaninsa da littattafan sai tsokana: yakan ce da takarda abinci ce, da matarsa ta fi kowa ƙiba a unguwa.

Sai da ya yi sati biyu a sabon ɗakin ya lura babu abin da hannun Malama ya taɓa a ciki. Wata safiya ya sa hula, ya ɗauki sandarsa, ya nufi shagon.

Mai shagon dattijo ne, ƙafar tabaraunsa ɗaure da zare. Da ya ji bayani sai ya shiga lungu, ya fito yana kaɗe ƙura.

"Biyar suka rage, Malam. Littattafan maiɗakinka ba sa kwana a kanta. Akwai masu zuwa musamman saboda rubutun gefe."

"Wane rubutu?"

Mai shagon ya buɗe ɗaya mai koren bango. Ga shi nan da fensir, ƙananan baƙaƙe masu karkata hagu, irin waɗanda ta yi shekaru tana gyara wa ɗalibai aiki da su. A wani shafi ta rubuta "ƙarya ne", a wani "Allah sarki". A shafi na arba'in ta ja layi ƙarƙashin wani sakin layi, ta rubuta: "Sak Direba."

Haka take kiransa tun suna saurayi da budurwa.

"Wane ne wannan da ta ce sak ni?"

"Na san mutumin," in ji mai shagon, "amma ba a bakina za ka ji ba."

Ya so ya ba shi su kyauta, Baba ya ƙi. Ya biya, ya rungumo su zuwa gida.

Da Auta ta gan shi yana bin layi da yatsa, leɓɓansa na motsi, sai kunya ta kama ta. Ta ce, "Baba, kada ka wahalar da idonka. Zan nemo maka shi a waya, ita za ta riƙa karanta maka."

"Wayar akwai rubutun uwarki a ciki?"

Washegari ta kai shi aka auna masa tabarau.

Bai tsallaka zuwa shafi na arba'in ba, ya ce wanda bai bi hanya ba bai san gari ba. Kullum bayan karin kumallo yakan ja kujera bakin taga ya yi shafi biyu, wani lokaci uku. Sati uku ya yi kafin ya isa. Ashe mutumin wani ɗan kasuwa ne mai taurin kai, wanda ya gwammace ya wuni yana ɓata da ya tsaya ya tambayi hanya.

Auta na yanka albasa ya shigo kicin da littafin a buɗe, fuska a murtuke.

"Ki ji sharrin da uwarki ta yi mini. Sau ɗaya ne fa na ɓata, kuma allon hanyar ne ya faɗi."

"Sau uku, Baba. Ina cikin motar."

Ta yi dariya har sai da ta ajiye wuƙar. Shi ma daga baya ya taya ta.

Ya ci gaba, don yanzu yana so ya ga ƙarshen ɗan kasuwar. Can kusa da ƙarshe matar mutumin ta kwanta asibiti. Bai iya magana mai daɗi ba, sai dai kullum ya zo da ruwan ɗumi a bokiti ya wanke mata ƙafafu, yana faɗan cewa ma'aikatan ba su iya komai ba. A gefen wannan Malama ta ja layi biyu, ta rubuta: "Nan ma shi ne." Ta sa kwanan wata, shekarar da aka yi mata aiki bayan haihuwar Auta.

Baba ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon masu wucewa a titi, hannunsa a kan shafin. Da Auta ta kawo masa ruwa ya miƙa mata littafin. Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna a bakin gado ta sake karantawa.

"Ban san ka yi haka ba," ta ce.

"Ni ma ban san ta riƙe ba."

Tun daga nan kowane sati sai ya leƙa shagon, ko wani ya dawo da ɗaya daga cikin nata. Cikin shekara guda, littafi biyu suka dawo. In bai samu ba, mai shagon yakan zaɓo masa wani daban, su ɗan yi gardama a kai kafin ya saya. Mijin Auta ya kafa masa katakon jera littattafai a bango, saman gado, inda hannunsa zai kai ba sai ya miƙe ba.