Ɗakin Taliya

Maigidana ba marowaci ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, araha. Ya ji an ce an yi ragi, ko likkafani ne sai ya sayo biyu. Abokan aikinsa a ofis ma Araha suke kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a kamar an naɗa shi sarauta.

Wata ranar Asabar ya fita sayen sabulu, ya dawo da motar kaya. Wai wani babban kanti ne zai rufe, suna karyar da kaya, shi ne ya kwashe musu taliya kaf. Ina tsaye da ludayi a hannu 'yan dako suka yi ta shiga da kwalaye ƙaramin ɗakinmu na kusa da kicin, har suka taɓo silin.

Na ce, "Baban yara, wannan ɗakin fa na Inna ne. Mun yi magana."

Inna mahaifiyata ce. Ita kaɗai take zaune tun rasuwar babanmu, gwiwa ta ƙi, har ta taɓa faɗuwa a banɗaki sai maƙwabciya ce ta ji nishinta. Da ƙyar da siɗin goshi na shawo kanta ta yarda ta dawo wurinmu.

Ya ce, "Ai ban manta ba. Ranar da taliya ta ƙare, ɗaki na Inna ne. Sau biyu a mako za a riƙa dafawa, ta kai mu baɗi."

Baɗi! Tsohuwa tana bin bango, shi yana zancen baɗi.

A nan na yi dabarar da nake ganin ta fi ta kowa. Na tara yaran nan huɗu a kicin, na rufe ƙofa. Na ce, "Kuna son Kaka ta zo?" Suka ce suna so. Na ce, "To daga yau duk wanda Baba ya tambaya me zai ci, amsa ɗaya ce. Wanda ya yatsina fuska kuwa, ni da shi ne."

Washegari da safe yana ɗaura agogo, sai ga su a jere suna kukan taliya. Autar har da birgima. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa, na ce, "Yaran zamani ke nan, ni ma na rasa gane kansu." Ya yi lissafi a ransa, ya ga ta fi burodi sauƙi, ya ce a ba su.

Haka muka shiga. Safe taliya, rana taliya, yamma taliya. Don kada yaran su tona min asiri da amai, na zage na koyi sarrafa ta. Yau da albasa da tumatir biyu da suka fara laushi, waɗanda mai kayan miya ke bayarwa gyara. Gobe in yanka kabeji siriri ya ɓace a ciki. Gwangwanin kifi ɗaya, sai in murje shi har ya zama labari, kowa ya ji ƙamshi babu wanda ya ga tsoka. Wadda ta kwana, in fasa mata ƙwai in soya ta zama fai-fai, in yanka kamar kek. Ruwan da na tafasa ta ma ba na zubarwa, shi ke kaurara miya. Wallahi da a ce don Allah nake wannan tattalin, da na samu lada.

Amma cikin mutum shida iyakarsa ke nan, kwalayen nan kuwa kamar haihuwa suke. Sai na buɗe ƙofar baya. Da ya fita aiki, in lulluɓe ƙulli huɗu a mayafi in leƙa gidan matar tela. Mai wanki ya samu. Mai gadin layinmu ya samu har ya fara sauya hanya in ya hango ni. Wata maƙwabciya ta haihu, kowa ya kai sabulu da zane, ni na kai kwali guda ko kunya babu. Matar tela ta ce min, "Ke 'yar uwa, ki ji tsoron Allah, mijina ya ce in ya sake ganin taliya a gidan nan zai kwana a shago."

Shi kuwa gogan naka, kullum da yamma sai ya leƙa ɗakin, ya ga tulin yana sauka, ya shafa gemu. Ya zauna a tabarma yaran suna turawa da ruwa, ya ce, "Kun gani? Ni na san abin da gidana yake so." Babban ɗana ya ɗago ido ya kalle ni, na zare masa nawa, ya ce, "Da daɗi, Baba."

Ranar da na fitar da kwalin ƙarshe, sai da na yi guɗa ni kaɗai. Na share ɗakin, na goge, na kashe kyankyasai, na sa labule da katifa. Na sa an kafa ƙarfe a bangon banɗaki inda za ta riƙa dafawa. Na kira Inna a waya na ce ta haɗa kayanta. Ta ce, "Kin tabbata ba zan takura muku ba?" Na ce ɗaki ne guda nata ita kaɗai.

Maigida da kansa ya ce, "Bari, ni zan ɗauko ta. Na samu mota." Har zuciyata na ji daɗi. Na ce ashe dai mutumin nan yana da ta ido.

Da la'asar muka ji ƙugin mota, yara suka ruga waje, na bi su. Motar kaya ce. Inna tana gaba, a matse tsakanin direba da surukinta, jakarta a cinya. A baya kuma kwalaye ne, an ɗaure da igiya, sun fi na farko tsawo.

Ya diro yana washe baki. "Kamfanin ne da kansa ya yi ragi! Na ce tunda tafiya ɗaya ce, me zai sa a biya mota biyu? Yadda kuke cin ta, wallahi tausayinku na ji da ta ƙare."

Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka. 'Yan dako har sun fara shiga, ɗaya ya fito da katifar ya jingine ta a tsakar gida.

Na ce, "Inna fa? A ina za ta kwana?"

Ya ce, "Haba, a falo mana, na ɗan lokaci. Da irin cinku, kafin ki ce me, ɗaki ya fito."

Inna ba ta sauko ba. Ta bi kwalayen da ido, ta kalli katifar, ta yi murmushin nan nata na rufa wa mutum asiri. Ta ce, "Madalla. Na ga gida cike da abinci, hankalina ya kwanta. Malam direba, in ka sauke, ka mayar da ni. Dama ban rufe taga ba."

Na san ƙarya take yi, Inna ba ta taɓa barin taga a buɗe ba. Hawaye suka zubo min a gaban 'yan dako, ban ko share ba.

Maigida ya ce, "Ayya Inna, da kun kwana." Sai kuma ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Amma kin ga, hanyarsa ce dama. Ba zai karɓi ko sisi ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Na shiga ciki na ɗauko mayafina da 'yar jakata, na ce wa yara su yi wa babansu biyayya. Na kama ƙofar motar na hau inda ya sauka, na karɓi jakar Inna na ɗora a cinyata.

Ya ce, "Ke kuma ina zuwa? Abincin dare fa?"

Na ce, "Tunda kyauta ce, ai asara ne kujera ta tafi babu kowa. Tukunya tana kan wuta, yadda ake dafawa yana rubuce a bayan leda. Ranar da ta ƙare, ka kira mu."