Tsohuwar Rigar da Ta Rage a Akwatin Iya

Da hantsi ne, an kwana ana yayyafi, ƙasa duk ta yi laushi. Ina ɗaure ƙunshin a bayan mashin, Inna ta biyo ni har zaure.

"Bilya, don Allah kada ka dawo mini da shi yau ma."

"In sha Allahu, Inna."

Kakata Halimatusa'adiya, wadda duk Nasarawan Doya ke ce wa Iya Mai Keke, ta rasu ta bar ɗinkunan mutane a akwati. Iya ba ta awo da tef. Mace za ta aiko da atamfa haɗe da tsohuwar rigarta, Iya ta shimfiɗa ta yanka a kai. Bayan sadakar uku mata suka yi ta zuwa, kowacce ta gane tsohuwar rigarta ta ɗauki kayanta. Ƙunshi ɗaya ne ya rage: atamfa shuɗiya da ko almakashi ba a sa mata ba, da wata riga da ta koɗe. Inna ta daina barci. Cewa take amanar mutane na kan uwarta a kabari.

Na yi ta yawo da rigar nan. Ni namiji, ba shiga gida zan yi ba, sai in tsaya a ƙofa in aika da ita ciki. 'Yan majalisa a Kurmin Kogi har suna suka sa mini, wai mai tallan rigar mata. Amma duk gidan da ta shiga, da labari take fitowa. Wata ta ce Iya ta ɗinka mata kayan suna tana rawar zazzaɓi. Wata ta ce Iya ta taɓa aiko mata da ƙyalle bai fi tafin hannu ba, wai ragowar nata ne. Ni dai abin da na sani, da keken nan ta riƙe Inna da ƙannenta bayan rasuwar kakanmu. Kuma duk wandon da na fasa wajen hawan mangwaro, sai ta tsokane ni kafin ta ɗinke: "Wannan miji nawa, ko buhu na ɗinka maka sai ka ga bayansa."

Ran nan Likoro na nufa, wajen Gwaggo Mero, ƙawar Iya tun suna 'yan mata. Bayan mun gaisa ta sake yi mini gaisuwar rashi, ta karɓi rigar ta shinshina.

"Man shanu. Wannan ta ruga ce." Ta bi hannuwan rigar da yatsa. "Kai, ina idonka? Na hagu ya fi faɗi. Halima ce ta ƙara masa ƙyalle, na san ɗinkinta. Nemi mai nono da ke da ciwon hannu."

Kasuwar Maƙarfi na ci a ranar. Na bi layin masu nono a hankali ina duban hannun kowa, har wata ta ce, "Samari, nono za ka saya ko mata kake zaɓe?" Can ƙarshen layi, kusa da masu rake, na hangi wata dattijuwa tana dama fura, hannunta na hagu a lanƙwashe, gwiwar a kumbure. Na durƙusa na gaishe ta, na kwance ƙunshin.

"Rigata!" ta ce. "Ina tsohuwar? Ai na ce mata sai kaka zan zo, babu gaggawa."

Na faɗa mata. Ta ajiye ludayin. Daga baya ta ce sunanta Bilki, kuma tun da saniya ta karya mata hannu, babu telan da ya yi mata rigar da take sawa ba zafi sai Iya.

"Ka ce wa uwarka babu komai a kan tsohuwar. Allah Ya haskaka kabarinta."

Nan take na kira Inna a waya. Ajiyar zuciya na fara ji, doguwa, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka sayo mana nono, tun jiya ban sa komai a bakina ba."

Da kasuwa ta fara watsewa, na ga Gwaggo Bilki tana fama da ƙoren nono da hannu ɗaya. Na ɗaure mata su a mashin, ta hau baya, muka bi hanyar gonaki har mararrabar rugarsu. Ta sauka, na ɗora mata kayan a ka, ta maƙale ƙunshin a hammata, ta shige cikin dawa tana ƙwala wa wani kira ya kori maraƙi daga gonar mutane. Na juya kan mashin.