Gitar da Mubina Ba Ta Gwada Ba

Mubina ɗiyar mai fataucin albasa ce, kuma ba ta taɓa jin kunyar faɗin haka ba, ko a jami'a inda 'yan ajinsu ke tinƙaho da iyaye daraktoci. Tun tana firamare take bin mahaifinta, Alhaji Maigandi, zuwa Augie lokacin cirar albasa. A can ta koyi abin da take ganin ya fi digirinta amfani: in kana son kaya, kada ka taɓa shi, kada ka tambayi lafiyarsa, ka tsaya kamar hanya ce ta biyo da kai. Alhaji yakan kafa ido a kan buhun da ba ya so, zuciyarsa kuwa tana kan na gefe, har mai gona ya gaji ya sallama.

Da wannan ilimin ta shiga shagon Nwachukwu, mai sayar da kayan kiɗa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, neman gitar bes, mai tsirkiya huɗu da murya mai kauri.

Boluwatife, wadda kowa a unguwar Gesse ke kira Anti Bola, mai kaɗa fiyano, ta haɗa ƙungiyar kiɗa ta mata zalla, saboda gidajen da ba sa barin makaɗa maza su shiga wurin bikin mata. Shekara biyu Mubina tana koyon bes a gidan su Bola da gitar Tobi, ƙanen Bola, har yatsunta suka yi kanta. Sai Tobi ya samu makaranta a Ibadan, ya tafi da abinsa. Ga shi washegari Asabar ƙungiyar za ta yi bikinta na farko a Argungu. Bola ba ta ɓoye mata komai ba.

"In kin zo da bes, gurbin naki ne," in ji ta. "In ba ki zo da ita ba, zan cike da hannun hagu a fiyano."

Bes biyu ke rataye a shagon, duk na hannu. Ɗaya baƙa, fentinta ya ɓaɓɓare. Ɗayar ja, sai ƙyalli take. Zuciyar Mubina ta faɗa kan jar tun daga bakin ƙofa, don haka ta tsaya tana kallon baƙar.

"Malama Mubina, an ɗauke wuta," in ji Nwachukwu, wanda ya shekara ashirin a Birnin Kebbi. "Bari in tayar da janareta ki jona su ki ji. Ni kaina ban gwada ba, jiya aka sauke su."

Mubina ta ga tarko. In ta rataya jar, hannunta zai tona ta. In kuma ya ƙona fetur dominta, nauyi zai hana ta yi masa tayin da take so.

"Bar manka, Oga, wucewa nike yi. Wagga jar nawa, don in sani kawai?"

"Dubu ɗari da talatin."

"Don janta? Ai tumatir ma ja ne, kuma da kwando ake sai da shi."

Nwachukwu ya yi dariya. "Ɗiyar Alhaji Maigandi ke nan. Ku gidanku ko ruwa kuka zo saye sai kun ce ya cika sanyi."

Sau biyu tana fita yana kiranta. A ƙarshe ya sallama a dubu casa'in, daidai abin da ta tara daga alawus ɗin bautar ƙasa. Yana naɗe gitar a kwali ya sake cewa, "Minti biyar kawai, ki gwada ta."

"Ciniki ya faɗa, Oga. Ni ba ni dawowa, kai ba ka kirana."

Babu sifika a gidan su Mubina, kayan Bola kuwa tun safe mota ta wuce da su Argungu. Ta kaɗa gitar haka nan a ɗaki, tsirkiyoyi lafiya lau, ta yi murmushi.

A Argungu, bayan la'asar, tsakar gidan biki ya cika da mata. Mubina ta rataya jar gitarta, 'yan mata suka yi ta nuna ta. Ta jona waya, ta ja tsirkiya mai kauri. Babu abin da ya fito daga sifika sai wani ɗan gurnani. Suka canza waya. Suka canza sifika. Gurnanin dai.

"A shagon ta yi ƙara?" Bola ta tambaya a hankali.

"Ban gwada ba."

Bola ta dube ta. Uwar amarya tana ta ɗago hannu a fara. "To, je ki zauna," in ji Bola.

Mubina ba ta zauna ba. Ta cire wayar don gurnanin ya daina, ta soke bakin wayar a ƙugun zane, ta tsaya a inda aka tsara mata. Daga la'asar har aka kira magariba tana kaɗa kowace waƙa daidai, ba ta tsallake ko guda ba, kuma babu kunnen da ya ji ta. Kaurin sautin da ke girgiza tsakar gidan daga hannun hagun Bola yake fitowa.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta taso da rawa, ta liƙa mata sabuwar ɗari biyu a goshi. "Ɗiyata, wanga kiɗi naki har cikin ƙirji nike jin shi." Mubina ta rusuna ta yi godiya. Da ta ɗago, ta ga Bola ta ji abin da tsohuwar ta ce.

A mota, hanyar komawa, Bola ta ce, "Kin gani ko? Ba wanda ya gane." Ba da mugunta ta faɗa ba. Mubina dai ta san gurbin ya rufe.

Ranar Litinin mai gyaran rediyo ya kwance gitar a gabanta. Ƙarfen da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi ya ci tsatsa, ruwa ya shige shi tun a jirgin ruwan da ya kawo gitar. Sabonsa sai an aiko daga Legas, kuma ya kusa rabin kuɗin gitar. Ta bi ta shagon Nwachukwu. Ƙusar da baƙar take rataye babu komai.

"'Yan wani coci suka ɗauka ranar Asabar," in ji shi. "Sun jona ta, har maƙwabta suka leƙo. Taki fa?"

Ta ga alamar zai iya tausaya mata in ta roƙa. Sai ta tuna da bakinta ta ce ba ta dawowa.

"Tana nan," ta ce, ta wuce.

Da Alhaji Maigandi ya ji yadda ta sauko da farashin, ya yi ta ba abokansa labari a ƙofar gida, yana cewa ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Mubina tana jinsa daga zaure, ba ta gyara masa ba.

Asabar ta gaba ƙungiyar ta tafi biki Gulma, ba a kira ta ba. Ta rufe ɗaki, ta rataya jar gitar, ta ɗora haɓarta a jikin katakon, don ta gano cewa ta haka sautin ke bi ta ƙashi ya iso kunnenta. Ta fara daga waƙar farko.