Bas a Kan Bulo

Cikin dare Baƙin Mai ya ji wani sauti daga bayan katanga, inda garejinsu yake. Ba kukan mage ba ne, bai kuma yi kama da motsin ɓarawo ba. Dogon tsaki ne siriri, irin na tsohuwa mai wawulo, ya yi shiru, ya sake farawa. Ya daɗe yana saurare har abin ya soma yi masa daɗi. Sai da gari ya waye ya gane mai tsakin. Babban jak ɗinsu ne yake yoyon mai. Farar bas ɗin da ta kwana a ɗage ta sauko da kanta ta zauna a kan kututture, kamar saniyar da ta gaji da tsayuwa.

Kututturan nan gadon mahaifinsu ne, sun sha mai har sun yi baƙi ƙirin. Dokar tsohon ita ce, in jak ya ɗaga mota, sai an tura itace ƙarƙashinta kafin mutum ya tura kansa.

"Jak ɗin nan robarsa ta mutu," in ji Baƙin Mai. "Yau ba mai shiga ƙarƙashin komai sai na sayo wata."

Ƙaninsa Auta, wanda suke garejin tare, yana shimfiɗa kwali a ƙasa. Mai bas ɗin na tsaye a kansa yana ƙorafin fasinja.

"Yaya, kai kullum da abin da ya yi maka magana," Auta ya ce. "Rannan salansa ce, yau jak. Gobe taya za ta gaishe ka."

Direbobin da ke jiran gyara suka bushe da dariya. Baƙin Mai bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Marin ya kai Auta jikin bas, shi kuma ya dawo da kai, ya daki wansa a haɓa. Suka zube cikin tsohon mai suna birgima, robar goro na watsewa, har sai da mai facin taya na bakin ƙofa ya shiga tsakani ya ɗauke Auta cak. Mai facin ƙato ne mai sanyin hali, shi ne abokin shan shayin Baƙin Mai kowace safiya.

Baƙin Mai ya tofar da jini. "Ka shiga ka gani. Ni da kaina zan sauke ta a kanka."

Kowa ya ji. Baƙin Mai ya kakkaɓe riga ya nufi kasuwar kayan mota.

Yana ba da baya Auta ya ɗaga bas ɗin. Aikin giyar mota ne, yana son sarari, kututture kuwa gajere ne. Sai ya janye itacen, ya jera bulo na siminti a kan juna, ya kwantar da su ta gefe don nan ne ya fi santsi. Direbobi suka mirgine kututturan zuwa inuwa, suka zauna a kai suka raba karta.

Baƙin Mai na shigowa da robar a aljihu ya ji ƙarar, ƙas, kamar an taka busasshen ƙashi. Bas ɗin ta karkata, ta faɗi ta ɓangaren da aka cire wa taya. Ƙura ta tashi. Ƙafafun Auta ne kawai a waje, takalmi ɗaya ya fice, yatsun suna buɗewa suna rufewa.

Ya faɗi rub da ciki ya leƙa. Ƙarfen ƙasan motar ya danne ƙirjin Auta, idanunsa sun firfito, bakinsa na kumfa ja. Amma ba duka nauyin ne a kansa ba. Rabin bulo ɗaya bai fashe ba, yana tsaye a karkace, shi ya tare sauran. In motar ta girgiza ko yaya, wannan rabin zai zame.

Kafin ya miƙe, garejin ya cika. Masu shaguna, direbobi, masu wucewa, kowa ya kama gefen bas.

"Ku kama, mu ɗaga tare," mai faci yake cewa, ya sa kafaɗa a ƙofa.

"Ku sake ta," Baƙin Mai ya ce. "Ba za ku iya riƙe ta ba. In ta dawo ta kashe shi."

Ba wanda ya saurare shi. Bas ɗin ta fara lilo. Ya ji simintin yana ƙara a ƙasa, yana zubar da gari.

"Ku ture shi can," wani direba ya ce. "Ba shi ya ce zai sauke ta a kansa ba? So yake yaron ya mutu."

Hannuwa suka finciko shi ta baya, wani ya naushe shi a kunne. Ya faɗi kusa da jak, hannunsa ya sauka a kan sandar ƙarfen da ake buga shi da ita. Ya miƙe da ita. Ya fara da direban, a wuyan hannu, ƙashin ya ba da sauti. Ya sauke wa wani a gwiwa, wani a baya. Mutane suka watse suna tuntuɓe da tayoyi. Mai faci kaɗai ya rage, idonsa a rufe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana ɗagawa da iya ƙarfinsa.

"Abokina, sake ta. Don Allah sake ta."

Mai faci bai ji ba. Baƙin Mai ya ɗaga sandar ya sauke masa a bayan kunne. Ƙaton ya sulale a jikin motar, ya kwanta a gefe kamar mai jin barci.

Baƙin Mai ya tura jak ƙarƙashin bas, ya zura sandar da jininta, ya fara bugawa. Jak ya ɗaga kaɗan, yana yoyo, yana neman komawa.

"Itace. A ba ni itace."

Mazan suna nesa, ba wanda ya matso. Matarsa ce ta fito daga gida ba mayafi, hannunta da kumfar wanki, ta mirgino kututture ta durƙusa kusa da shi.

"Ina zan sa, Baban yara?"

"Nan. In na ce tura, ki tura, ki janye hannunki."

Ya buga, ta cusa guntun katako. Ya sake bugawa, ta ƙara wani a kai. Jak na saukowa, katako na tarewa. Gumi ya rufe masa ido, man jak ya jiƙa gwiwoyinsa. A haka har kututturen ya shige, motar ta zauna a kansa daram. Ya kama ƙafafun ƙaninsa ya jawo shi a kan kwalin, a hankali.

Ƙirjin Auta ya lotsa ta gefe ɗaya, amma yana hawa yana sauka. Ya buɗe ido ya dubi wansa.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "ka taka mini hannu."

Baƙin Mai ya janye gwiwarsa. Wani ya kawo mota, aka buɗe baya, aka ɗauki Auta da kwalinsa aka sa. Direban da hannunsa ya karye ya shiga gaba yana zagi. Baƙin Mai ya sa ƙafa ɗaya a ciki ke nan, sai telan da ke shago na kusa ya yi magana, almakashi na hannunsa, yana duban gindin bas ɗin inda ƙudaje suka fara sauka.

"Shi mai faci fa? Tun ɗazu akwai wanda ya ga ya motsa?"