Kwalaben Mieta Goma Sha Biyu

A duk kwarin nan babu wanda ya taɓa jin Oom Stoffel, wato Kawu Stoffel, ya ce wa wani "taimaka mini". Fari ya cinye masa tumaki, ambaliya ta kwashe masa ɗaki, tarakta ta tafi da yatsunsa biyu, bai roƙi kowa ko allura ba. Mu 'yan zamaninsa haka aka gina mu. Ba mu shiga aji ba, amma muna nan, waɗanda suka shiga kuwa mun binne da yawansu.

Matarsa Mieta ta rasu ta bar kwalabe goma sha biyu, koraye masu kauri, waɗanda kakarta ta haye dutse da su a amalanken shanu. Duk lokacin sanyi a cikinsu ake jera gwaba, a zuba ruwan sukari, a sa zoben roba da murfi, a tafasa. Wasiyyarta ɗaya ce: ranar auren jikarsu Lenie a ba ta su cif.

Saura kwana shida biki Stoffel ya ƙirga, ya samu sha ɗaya. Ya san inda ɗayar take. Kafin Mieta ta kwanta ciwo ta kai wa maƙwabciyarsu Tant Ragel, wato Goggo Ragel, gwaba, shekara uku ke nan. A nan kuma kwalba ba ta komawa gida babu komai a ciki, mai ita ba ya tambaya. Ka tambayi kwalbarka, ka ce wa mutum ɓarawo ke nan.

Sai ya yi dabara irin ta manya. Ya ɗauki wata kwalbar cike da gwaba, ya ajiye a barandar Ragel ya juyo, don kunya ta tuna mata. Washegari ya tarar da kwalba a ƙofarsa cike da ɓaure. Ta kanti ce, fara fes, har da sauran takarda manne a jiki.

Saura goma.

Ya kwana biyu yana zagin kaji. Ranar Alhamis ya sa hular coci ya tsallaka hanya ya ƙwanƙwasa ƙofar Ragel, karo na farko tun da aka binne Mieta.

"Ashe kana da rai," in ji Ragel. "Na ɗauka tare aka rufe ku."

"Ni da ambaliya ta kasa? Ba gaisuwa ta kawo ni ba, Ragel."

"To me ya kawo ka?"

Ya murza hular da yatsunsa takwas.

"Faɗi mana, tsoho. Magana ba ta kisa."

"Kwalabe. Biyu. Don Allah."

Ta kai shi ɗakin ajiya. Kwalabe koraye sun fi talatin a kan katako, kamar uwa ɗaya ta haife su.

"Ɗauki naku."

Stoffel ya nemi cokali. Ya ce shekara hamsin yana wanke kwalaben nan, ko a makance ya san muryarsu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne, ya girgiza kai. Can ya zaro biyu cike da ɓaure.

"Ga su. Kin ji amon? Gilashin da ya hau dutse ke nan."

"Na uwata ne. A gwanjon coci ta samo su."

"Ƙarya kike."

"Stoffel, ni da Mieta mun daina bambancewa tun kafin a haifi uban Lenie. Ta kawo, in mayar, in kai, ta mayar. Shekarar ambaliya biyar suka fashe mata, ni na cike gurbin, ta ce kada ka sani don za ka ce sadaka ce. In akwai na kakarta uku a gidanka yau, an yi sa'a."

Ya daɗe yana kallon katakon.

"To ta kantin nan fa?"

"Da na aiko koriya, da ka zo?"

Ya rungume kwalaben biyu. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce ɓauren nata sukari ya yi yawa, ta ce ai ba don shi ta yi ba.

Ranar Asabar a zauren coci aka jera sha biyu cif a kan farin ƙyalle. Stoffel ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa kwalaben nan sun haye dutse a amalanke, sun ga fari, sun ga ruwa, ba a taɓa fasa ko ɗaya ba, ba su taɓa kwana a gidan wani ba. Ragel tana layin gaba tana gyaɗa kai kamar ana wa'azi.

Lenie yarinya ce da Mieta ta rena da hannunta. Da ta zo kwasar kaya ta ɗaga biyun masu ɓaure ta duba, ta juyo wajen kakanta.

"Oupa, mu ba mu da bishiyar ɓaure. Wa ya cika waɗannan?"

"Tant Ragel," ya ce a hankali.

"To in mun shanye zan cika su da gwaba in mayar mata. Ouma Mieta ta ce kwalbar mutane ba ta zama a gida."

Stoffel ya dubi Ragel.

"Haka ake yi," ya ce.