Wankan Harsashi

Bindigar marigayi Ephraim, mai baki ɗaya. Harsashi leda biyu, fara da baƙa. Gorar ruwa. Dafaffen rogo. Adda. Abin da Vandi ya ɗaura a bayan kekensa ke nan. Ƙaninsa Kwaji na biye da shi a kan nasa keken, yana haki yana mita.

"Yaya, wai har Betso za mu kai ne?"

"Har inda babu kunne."

A Mubi ba a harba bindiga don gwaji. Tun da aka ƙwato garin daga hannun 'yan daji, ko tayar mota ce ta fashe sai kasuwa ta watse, mata su bar takalma a hanya, soja su zo neman mai laifi. Wanda ke son jin muryar bindigarsa sai ya yi nisa.

Vandi maƙeri ne, shi ke cika wa mafarautan unguwarsu harsashi. Na kamfani ya ɓace a kasuwa, don haka duk kwanson da aka harba sai a tsince shi a kawo masa, ya sake cikawa. Albarushi na samuwa, dalma ma haka. Abu ɗaya ne ba ya ƙeruwa a maƙera: 'yar tagullar nan ta gindin harsashi, wadda kunamar bindiga ke sara ta tashi wuta. Ido suke ce mata. Khamis, ɗan kasuwa mutumin Borno, shi ke shigo da ita ta Sahuda, can bakin iyaka. Da aka rufe iyaka ya miƙo wa Vandi gwangwani guda, ya ce, "Ka riƙe shi kamar jariri. Bayansa babu wani."

Da wannan gwangwanin ya cika wa ƙaninsu Ephraim harsashi. A hanyar garin Uba suka yi kiciɓis da wani ɗan daji, Ephraim ne ya fara ganin mutumin, shi ya fara jan kunama. Bindiga ta ce ƙas. Ta wancan ba ta ce ƙas ba.

Aka kawo gawa, aka kawo bindiga da harsashin a cikinta, idon a lotse, bai tashi ba. Sarkin baka Hammanjoda, shugaban mafarauta, ya ce 'yan daji sun ɗaure bakin bindigar da asiri. Wasu kuma, a bayan coci ranar binnewa, suka ce aikin maƙeri ne ya yi sanyi. Vandi ya ji su. Bai juya ba.

Vandi da Kwaji sun sauka a wani busasshen mayo, rafin da ya zama yashi zalla tsakanin duwatsu. Vandi ya kwance ledojin.

"Farar daga maƙera na ɗauko ta, ba wanda ya taɓa. Baƙar daga jakar Ephraim take. Gwangwani ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya na cika su. Bambancinsu, na baƙar sun kwana a gidan Sarki."

Kwaji ya san me ake yi a gidan Sarki. Jajibirin kowace fita farautar 'yan daji ana tara harsashi a zuba a babbar ƙwarya, cikin jiƙon saiwoyi, don kada asirin abokin gaba ya kama su. Da safe a shanya, a raba. Musulmi da Kirista duk suna miƙa nasu. Haka iyaye suka yi wa farautar ɓauna.

"Fara da farar," in ji Vandi.

Kwaji ya saita wani kututture. Duk wanda ya sa, kafin yatsa ya gama ja ya tashi. Duwatsu suka riƙa amsawa.

"To, baƙar."

Na farko ya tashi. Na biyu ya ce ƙas. Kwaji ya zare shi ya sa wani. Ƙas. Ya yi tsaki, ya sauke bakin bindigar ƙasa zai buɗe ta, sai ta tashi da kanta. Yashi ya watsu har fuskarsa. Ramin da ta haƙa bai kai taki ɗaya daga babban yatsansa ba.

Ya zauna a ƙasa.

"Amma Yaya, da ma ana wankewa, kuma yana tashi."

"Na kamfani ake wankewa da. Sabo ne, gindinsa a liƙe, ko a rijiya ya faɗa ba ruwansa. Wannan kwanson an cika shi an sake cikawa har mazaunin idon ya saki. Ruwa na samun hanya. Rana ta busar da baya, ciki na nan a jiƙe."

"Gobe akwai fita. Sunana na ciki."

"Na sani. Me kake tsammani ya sa na jawo ka nan?"

Rogon ko kwance shi ba su yi ba. Suka juya.

La'asar ta yi sanyi suka iso. Hammanjoda na zaune a bencin ƙofar maƙera, dogo, siriri, rigarsa cike da layu. Bobboi, na hannun damansa, na tsaye da buhun da za a kwashi harsashin gobe.

"Maƙeri, jam na, lafiya dai? Ka bar tsoho yana gadin ƙofa."

"Jam, Baba Sarki. Sannu da jira."

"Kawo kayan. Wannan karon jiƙon mai ƙarfi ne, daga dutse aka sauko da saiwar. Kwana za su yi a ciki har hantsi. Abin da ya sami Ephraim ba zai sake ba."

Vandi ya zazzage baƙar ledar a kan bencin. Ya ware wanda ya ƙi tashi, mai lotsattsen ido, ya ɗora wanda aka ciro daga bindigar Ephraim a kansa.

"Ba asiri ba ne, Baba. Ƙwaryarka ce."

Bobboi ya saki buhu. "Kai! Wa kake faɗa wa haka?"

"Kai ma ina faɗa maka. Tambayi Kwaji, saura kaɗan ya dawo da ƙafa ɗaya."

Kwaji ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba. Wanda bai sha wanka ba, duka ya tashi."

Hammanjoda ya ɗauki harsashin Ephraim ya juya shi a tafin hannu. Ya kore Bobboi da ido, ya matsa gefe. Sannan ya yi ƙasa da murya.

"Yaro na, kai ƙarfe ka sani, ni mutane na sani. Ɗan daji na da bindiga mai aman wuta kamar ruwan sama. Mutanena na da mai baki ɗaya. Ka san abin da ke sa manomi ya tashi ya bi ni cikin dajin nan? Ƙwaryar nan. In na tsaya gabansu na ce ita ta kashe Ephraim, gobe ni kaɗai zan fita. Jibi kuma 'yan daji su dawo su kwana a maƙerarka."

"To wanke su su. Wanke rigunansu, wanke ƙotar bindiga, ba su su sha har cikinsu ya kumbura. Ban hana ba. Harsashi kawai za ka bari."

"Harsashi ne ake ɗaurewa. In ban wanke shi ba, me na wanke?"

"Sai a ci gaba da cewa aikina ne ya yi sanyi ke nan? Uwarmu ta ji wannan maganar a coci, Baba. Tana kallona tana tunanin ni na kashe mata ɗa."

"Magana iska ce, za ta wuce."

"Ephraim ma ya wuce."

Tsohon ya miƙe tsaye. "Tun kakanka bai san wuta ba ake wannan wanka. Kawo kayan, rana na faɗuwa."

Vandi ya dubi cikin maƙera. Harsashin gobe na jere a akwati, busassu. Gwangwanin Khamis na kan kanta, har an fara ganin gindinsa. Abin da ya rage wa unguwar ke nan, kuma a ciki akwai wanda Kwaji zai ja gobe.

Ya kama hannun ƙaninsa ya tura shi ciki, ya shigar da kekunan, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka san abin da kake yi?" in ji Hammanjoda. "Ba mafaraucin da zai ƙara taka ƙofar nan."

Vandi ya ja ƙyauren langalanga ya rufe, ya zura sakata. Ta bayan ƙyauren ya yi magana, da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji.

"Gobe da safe kowa ya zo da bindigarsa, in sa masa a hannu, busasshe. Ko ɗaya ba zai kwana a gidanka ba."