Cikon Goma Sha Huɗu

Ruwa ya kai wa Kanar Abdulghani ƙirji lokacin da ya sake ƙirga mutanen da ke cikin kwalekwalen roba. Goma sha biyu. Mai gidan da suke kwashe mutanensa kuwa ya rantse mutum goma sha huɗu ke haya a ciki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sauke sojojin ruwa daga jirgi zuwa gaɓar teku. Saura kwana tara ya ajiye kaki, sai ga ambaliya ta jefo shi lungunan unguwar Nuzla, inda aka haife shi. Bai taɓa tayar da jirgi alhali lissafi bai cika ba, yau ma ba zai fara ba.

"Yalla, ya sidi, mu tafi, katangar nan ta kusa faɗuwa," in ji Laftanar Meshari, mataimakinsa.

"Riƙe igiya."

Kanar ya hau bene yana haki, gwiwarsa mai ciwo ba ta jin lallashi. A kan rufin, bayan tankin ruwa, ya tarar da wata mata rungume da tsohuwa. Ya yi musu Larabci, suka ƙara maƙalewa. Nan ya gane kakinsa suke tsoro fiye da ruwan. Umara suka zo suka zauna, babu iƙama, takardar izinin zama.

Ya lalubo Hausar kakarsa, wadda ya daɗe bai taɓa ba.

"Iya, ni ba takarda nake nema ba. Mutum biyu na rasa, ku ne. Ku taso."

Tsohuwar ta leƙo. "Ɗan nan, Hausarka duk a karye. Ɗan gidan wa ne?"

"Jikan Mastura mai waina, ta Bab Makka."

"Allah Ya jiƙan Mastura. Rabi'atu, tashi, namu ne."

Goya tsohuwar ya yi har kwalekwale, tana zuba masa albarka a kunne. Wallahi daɗi ya cika shi. Ya gode wa Allah, ya gode wa kakar da ke dungure masa kai duk ranar da ya amsa mata da Larabci.

Da suka kai tudu, Meshari ya buɗe littafin rahoto. "Sunaye da lambar iƙama, ya sidi?"

Rabi'atu ta damƙe hannun uwarta.

"Aikinmu sauke mutane a gaɓa," in ji Kanar. "Rubuta goma sha huɗu, duk da rai. Halas, shi ke nan."

Ya karɓi biro ya sa hannu da kansa.